Nonon ƙwarya, kindirmo ko na kwali: wanne za ka saya a Legas?

Duk mai son fura a Agege ko Alaba Rago ko Mile 12 ya san nono kala-kala ne, kuma yawanci farashi da tsami kawai muke dubawa. Ni dai tambayar da nake fara yi ita ce: an dafa madarar kafin a kwana da ita ko ba a dafa ba?

Ɗanyar madara ita ce ta fi haɗari ko da kuwa gabanka aka tatsa. Saniya mai ciwon hantsa tana zubo ƙwayar cutar Staphylococcus aureus (Staph) cikin madara, ga ƙwayar cutar E. coli daga kashin shanu da hannun mai tatsa, ga Brucella mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa har a yi ta shan maganin maleriya a banza, ga tarin fuka na shanu. Kuma ƙwarya ɗaya madarar shanu da yawa ce aka haɗa, E. coli ɗin ma suna ne ɗaya amma iri-iri ne, wani ba ya cutarwa wani kamar O157:H7 yana iya taɓa ƙodar yaro. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin nan suna miƙa wa juna halin ƙin jin magani. Makiyayi ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su oxytetracycline ko penicillin a kasuwa ya yi wa saniya allura da kansa, gobe da safe ya tatsa ya sayar bai jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba, ƙwayoyin cuta masu rauni sun mutu masu taurin kai sun yi saura, kai kuma ka sha, ranar da ciwo ya kama ka kemis ya ba ka kafso ya ƙi aiki. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ce mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cuta masu ƙin jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Kindirmo na gaske ana tafasa madarar tukuna, shi ya sa na fi yarda da shi. Amma ka duba ludayi da ruwan da ake tsarma shi, musamman in robar ta wuni a rana cikin goslo ba ƙanƙara. Tsami yana rage ƙwayoyi ne kawai, ba ya ƙarar da su. Tafasa ma tana da iyaka, gubar da Staph ta riga ta saki ba ta jin wuta, ragowar allura ma ba duka take fita ba.

Yogot na kamfani ana dafa madararsa, ƙa'idar ita ce zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, sai dai yana son sanyi kuma kun san halin wutar Legas, in robar ta kumbura ka ajiye musu kayansu. Madarar kwali ta UHT, wato wadda ake dafawa da tsananin zafi, digiri 135 take sha, tana zama ba firji sai an buɗe, tsada ce matsalarta kuma gaskiya ba ta yi wa fura daɗi. Ka dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mai ciki da yara da tsofaffi, na kwali ko na kamfani kawai. Mai neman sauƙi ya dama madarar gari da tafasasshen ruwa, ya bari ta huce ta yi ɗumi-ɗumi, ya zuba cokali biyu na yogot mai kyau ya rufe zuwa safe.