Garin wod daga Faransa: a sabulu ya yi, amma a rini gara baban rini namu

Sautu na bai wa wata ƙawata da ta je Faransa, ta taho min da garin wod giram 50 a 'yar gwangwani, don na daɗe ina neman shuɗin da zan riƙa sa wa sabulun da nake haɗawa wanda ba na kemikal ba. Wod ɗin nan ganye ne dangin kabeji, shi ne baban rinin Turawa tun da can, a ƙarni na 16 ma da shi 'yan kasuwar garin Tulus na Faransa suka yi arziki.

A sabulu kam wallahi ba ni da ƙorafi. Sai dai ki fara dama shi da ɗan mai ya yi laushi sosai kafin ki juye, in ba haka ba ɗigo-ɗigo zai fito miki. Haɗin farko da manja na yi, sai kalar ta koma wani kore-kore mara fasali, da na canza zuwa man kwakwa da alayyadi kuwa sai ga shuɗi mai sanyi kamar sama bayan an ɗauke ruwa, kuma soda ba ta cinye shi ba yadda take mayar da zoɓo ruwan ƙasa. Kumfar fara ce, ba ta ɓata tawul. Kwatan ƙaramin cokali ya ishi sabulu da dama.

Rini ne inda na sare. Garin ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai an tsima shi, shi ya sa na kai wa wani dattijo a marinar Ƙofar Mata, yana murza shi a yatsa ya ce 'yata ai wannan shuni ne. Ya haɗa min a tukunya da ruwan toka, bayan kwanaki muka tsoma farin yadi, ya fito kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a gabanmu, sak yadda baba ke yi. To amma sau biyar ana tsomawa bai kama ƙafar duhun turkuɗin Kura ba, ga tsada, abin da na kashe a gwangwanin nan zai rina min zannuwa a karofi har da kuɗin bugu.

Sauran garin na ajiye wa sabulu kawai, sati mai zuwa kuma zan gwada shunin da dattijon ya ba ni in ga ko zai yi irin kalar.