Mahaucin nan na Sharar Mansur ya san nama

Jama'ar Makka masu neman naman suya, akwai wani shago a Sharar Mansur, wallahi mai shi ya san aikinsa. Naman shanun Sudan, irin na Baggara masu tozo, yana da dandano sosai amma da ɗan tauri, shi da kansa zai ce maka na miya ne a dafa shi ya daɗe. Na Angus kuwa, wato wani irin shanun Turawa, kitsen a cikin tsokar yake, wuƙa na taɓawa ta wuce, sai dai riyal zai fita. Ya nuna min wani nama baƙi-baƙi busasshe da ya ware, ya ce sa ne mai faɗa da aka wahalar kafin yanka, shi ba ya sayar wa mai gashi irinsa. Ku je bayan asuba kafin layi ya yi tsawo.