Na buga Detroit: Become Human sau biyu, ga abin da na gani

Ƙanina ne ya bar min na'urar buga gem ɗinsa ta PS4 da zai koma makaranta, a ciki na tarar da wannan gem ɗin na kamfanin Quantic Dream na Faransa, wanda ya fito tun 2018. Ni in ban da ƙwallo ba na wani buga gem, amma wannan labari ne kamar fim, sai dai kai za ka dinga zaɓar abin da za a faɗa da abin da za a yi. Wanda bai buga ba ya sani zan tona wasu wurare.

Labarin a birnin Detroit na Amurka yake a shekarar 2038, lokacin da ake sayar da mutum-mutumi a shago kamar firji. Uku daga cikinsu kake riƙewa: Connor mai taya 'yan sanda bincike, Markus mai jinyar wani tsohon mai zane, sai Kara 'yar aikin gida.

Wurin Kara ne ya kama ni. Maigidan, Todd, ya kifar da teburin abinci ya mari 'yarsa Alice, yarinyar ta gudu sama, ya juyo ya ce wa Kara kar ta motsa. Umarni ne, ita kuma an ƙera ta ne don ta bi umarni. Sai wani jan bango ya bayyana a gabanta, kai ne za ka yi ta dannawa har ta fasa shi, wallahi sai da tafin hannuna ya jiƙe da gumi a kan rimot ɗin, matata tana gefe tana cewa yi sauri mana Baban Ummi zai kashe ta. In ka tsaya ba ka motsa ba kuwa kashe yarinyar yake yi, labarin Kara ya ƙare a nan.

To ana gama babin sai suka nuna min wani zane mai rassa kamar bishiya, ga hanyar da na bi, ga sauran a kulle, har da kason mutanen duniya da suka zaɓi irin nawa. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe fasa bangon da nake jin ni na yi da ƙarfin zuciyata, an riga an rubuta shi, an ɗauki muryarsa, yana ajiye tun kafin in kunna na'urar. Amma kuma a bugun farko da na yi sakaci Kara da Alice suka mutu can wajen ƙarshe, ban iya cewa laifin marubucin ba ne, na kwana ina jin nauyin abin a ƙirjina don na san hannuna ne ya danna.

Abin ya tuna min karatun ƙaddara a Islamiyya, inda malam ya yi mana bayanin Jabariyya masu cewa bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan da Ƙadariyya masu kore ƙaddara. Ba ina haɗa ilimin Allah da na mai rubuta gem ba ne, subhanallah, sam ba a haɗa su. Kawai dai a da ina haddace maganar ne, yanzu na ɗanɗana yadda abu zai zama rubutacce kuma mutum ya ji alhakinsa a wuyansa. Shi ma Connor in ka sa ya bijire, daga baya Amanda, mai ba shi umarni a madadin kamfanin da ya ƙera shi, ta gaya masa ai kamfanin dama ya tsara hakan, sai da na ajiye rimot na yi shiru.

Inda bai min ba: ɓangaren Markus sun kwaso tarihin baƙaƙen fatar Amurka sun ɗora wa inji, har da tsayar da su a bayan bas, abin ya yi min gaggawa kuma bai kai nauyin tarihin ba. Sannan wasu zaɓin lokacinsu gajere ne, in Turancinka ba mai sauri ba ne kafin ka gama karantawa an wuce da kai, tafiya da juya kyamara ma akwai taurin kai.

Duk da haka ku nema ku buga, akwai shi a kwamfuta ma, amma ba na yara ba ne. Kuma karon farko kar ku koma baya don gyara kuskure, ku bar shi ya tafi a yadda ya zo. Ni sai a bugu na biyu na samu na tsallakar da Kara da Alice zuwa Kanada.