Jitar bes daga kayan bola: wanne za ka tsinta, wanne za ka saya?

Kafin ka ɗauki zarto, don haɗa bes, wato jita mai kaurin murya, abu uku za ka yanke wa hukunci: katako, tsirkiya, da abin da zai kai sautin cikin amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Sauran duk ado ne.

Katako dai tsintarsa ake yi. Ƙafar tsohon gado ko gindin ƙofar maɗaci ya fi sabon katako, don ya gama bushewa, duk lanƙwasar da zai yi ya riga ya yi ta. Ɗora ido a ƙarshensa kamar mai saita bindiga. In ya karkace, ko gara ta ci shi, bar wa mai shi kayansa. Tsirkiyar bes guda tana jan wajen kilo 18 zuwa 20, huɗu kuwa sun haura kilo 70, shi ya sa jitar kanti take da sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyanta. Tunda ba ka da wannan sandar, tsaya a tsirkiya ɗaya ko biyu. Kukuma ma ai ɗaya gare ta, kuma tana cika fili.

Tsawon tsirkiya inci 34 shi ne wanda maƙerin jita Leo Fender ya sa wa bes ɗinsa mai suna Precision Bass a 1951, har yau shi aka fi bi. Inci 30 ya fi sauƙi a hannu, katakonsa ma ya fi saurin samuwa.

A tsirkiya ne mutane ke yin arhar da ke ja musu asara. Wayar birkin keke kyauta za ka samu wurin mai faci, amma kaurinta bai kai milimita 2 ba, alhali babbar tsirkiyar bes ta kusa 2.7. In ka sassauta ta don muryarta ta yi ƙasa, sai ta riƙa karkarwa tana dukan katako, ga silinta in ya tsinke yana huda yatsa kamar ƙaya. Ni da zan ba ka shawara, nemi tsofaffin tsirkiyoyi wurin masu kiɗan biki ko na coci, ka tafasa su a ruwa dauɗa ta fita, ka shanya su sosai.

Tsirkiyar da ka zaɓa ita za ta zaɓa maka na'urar ɗaukar sauti. Akwai ɗan faifan tagulla da ake kira fiyezo, wanda ake cirowa daga tsohon agogo mai ƙararrawa ko kayan wasan yara. Manna shi ƙarƙashin jaki, ɗan abin da tsirkiya ke hawa kansa, kawai za ka yi, kuma ba ruwansa da ko tsirkiyar ƙarfe ce ko ta roba. Aibinsa shi ne tsegumi: ko rigarka ta gogi katakon sai lasifika ta faɗa, kuma muryarsa siririya ce sai an haɗa masa ƙaramin mai ƙara ƙarfi. Ɗayan nau'in, mai maganaɗisu, ya fi shi kaurin murya da natsuwa, amma ƙarfe kaɗai yake ji. Kada ka ce za ka naɗa shi da kanka, zagaye dubbai ne na waya mai sirantar gashi, tsinkewa ɗaya ka koma farko. Sayi na hannu, a gwada maka shi a gabanka.

In za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko wurin 'yan gwangwan, sa ɗan maganaɗisun tsohuwar lasifika a aljihu. Wayar da bai kama da ƙarfi ba, na'urar ma ba za ta ji ta sosai ba.