Sharhi Kan Ruwan Inabin Malbec Mara Barasa da Na Sha a Mendoza

A wata ziyarar aiki da na kai birnin Mendoza na ƙasar Ajantina, an ajiye mini kwalbar ruwan inabin Malbec wanda aka matse aka rufe ba tare da an bar shi ya zama giya ba, domin masu masaukina sun san ba na shan barasa. Da na tsiyaya shi a kofin gilashi, sai na ga launinsa ya fi na zoɓo mai kauri duhu, ja ne mai shiga baƙi, har yana barin shunin kala a gefen kofin.

Asalin wannan inabi daga yankin Cahors yake a kudu maso yammacin Faransa, inda ake kiransa Côt. Tsananin sanyin da aka yi a 1956 ya kashe gonakinsa da yawa a Bordeaux, wani yankin noman inabi na Faransa, amma kafin nan ya riga ya samu gida a Ajantina, inda masanin noma Bafaranshe Michel Pouget ya kawo irinsa a ƙarni na 19. Gonakin Mendoza suna gindin tsaunukan Andes, ana ba su ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga sama, kuma zafin rana da sanyin dare su ne ke sa ɓawon 'ya'yan ya yi kauri ya tara launi da ɗanɗano.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan baurin da ke biyo bayan zaƙin, wanda ke kama harshe kamar na ɗinyar da ba ta gama nuna ba. Wannan bauri ne ya sa ya dace da gasasshen naman sa da suke kira asado, wanda gishiri kaɗai ake barbaɗa masa, domin kowace kurɓa tana wanke maiƙon da ya maƙale a baki, sai mutum ya ji marmarin ƙarin yanka. Da kifi kuwa sam bai yi ba, ya danne ɗanɗanonsa gaba ɗaya.

Aibinsa guda shi ne zaƙin ya yi yawa idan bai yi sanyi sosai ba, saboda sukarin inabin yana nan yadda yake. A kwana na biyu na surka shi da ruwa mai gas kaɗan, ya yi daidai, kuma kafin na baro garin sai da na sayi kwalba biyu na saka a jakata.