Manhajar Reaper da kwamfutar ƙaramin situdiyo

Da yawa daga cikin ƙananan situdiyoyin waƙa a garin Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu suke aiki, kuma matsalarsu guda ce: da zarar waƙa ta tara layukan sauti talatin ko arba'in, muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da kiɗan fiyano da kalangu, sai sauti ya fara ƙarƙara yana yankewa, domin furosesa ya kai maƙura. A kan wannan ma'aunin kaɗai na auna Reaper, manhajar ɗauka da haɗa sauti ta kamfanin Cockos na Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiri Winamp, kuma hukuncina shi ne ta cancanci wuri a kowane situdiyon da kwamfutarsa ba ta da ƙarfi.

Babban abin da ya burge ni shi ne yadda take sarrafa sauti tun kafin lokacinsa ya zo. Layukan da aka riga aka ɗauka, manhajar tana gudu gaba ta lissafa gyare-gyarensu da tazarar milisakan 200, tana kuma raba aikin a kan dukan sassan furosesa, don haka layin da ake ɗaukar murya a kansa ne kawai yake buƙatar lissafin nan take. Amfanin wannan yana fitowa ne a wajen bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa su a lokaci guda. Idan ana aiki a kan gutsattsarin sauti 44,100 a daƙiƙa, bafa 128 tana jinkirta sauti da kusan milisakan uku, ta 1024 kuwa da kusan 23, kuma mawaƙin da ya ji muryarsa tana biyo shi a baya cikin hedifon ba zai iya riƙe kari ba. Ƙaramar bafa ita ke gajiyar da furosesa, babbar kuma ita ke rikita mawaƙi. Da Reaper nakan ɗauki murya a kan 128 ko 256 ba tare da kiɗan ya tsinke ba, sannan idan an zo haɗa sauti, inda jinkiri ba ya cutar da kowa, in ɗaga ta zuwa 1024.

Sai kuma daskarar da layi. Layin fiyano mai ɗauke da filogin (ƙaramar manhajar da ake ɗora wa layi) mai nauyi irin Kontakt ko Omnisphere, ana danna masa dama a zaɓi daskarewa, sai manhajar ta mayar da shi sauti zalla ta sauke filogin ɗin gaba ɗaya. Idan mai waƙa ya dawo washegari ya ce a sauya masa salon kiɗan, abin da ba ya ƙarewa a waƙoƙin biki da na siyasa, sai a narkar da layin komai ya dawo yadda yake. Akwai kuma taga mai nuna abin da kowane layi yake ci daga ƙarfin furosesa, kuma a nan ne mutum yake gane cewa amsa-kuwwar da ya ɗora wa kowace muryar 'yan amshi ita ke cinye masa kwamfuta, alhali guda ɗaya ta isa idan aka tura mata muryoyin duka.

Inda Reaper ta gaza ma a bayyane yake. Ba ta zuwa da kayan kiɗa na a zo a gani, sai 'yan ƙanana irin ReaSynth, don haka wanda ya saba haɗa kiɗa a manhajar FL Studio zai ji kamar an shigar da shi ɗaki babu ko tabarma. Zaɓuɓɓukanta sun yi yawa ƙwarai, mafari zai sha wahalar gano inda komai yake. Shawarata ita ce a gina kiɗan a inda aka saba, a fitar da kowane kayan kiɗa daban, a kawo su Reaper domin ɗaukar murya da haɗawa.

Akwai abin da babu manhajar da za ta magance shi. A zafin Maris da Afrilu, a ɗakin da aka toshe da soso, furosesa yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, haka nan idan an ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir. Dole a bushe ƙurar fankarta, a ɗaga ƙasanta iska ta shiga, a kuma sa tsarin wutar Windows a kan mafi ƙarfi.

Gwajin Reaper kyauta ne na kwana 60 ba tare da an rufe komai ba. Lasisin ƙananan masu sana'a dala 60 ne, na manyan kamfanoni dala 225. Ba ta daina aiki bayan wa'adin, tunatarwa kawai take yi, amma wanda yake cin abinci da ita ya kamata ya biya, domin haƙƙin masu ita ne.