Wata 7 da kallabin siliki: abin da ya yi wa gashina, da inda ya ba ni wahala

Mai kitsona ce ta fara lura. Tana cikin tsifar kaina, ta iso wajen goshi, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Yaya, gashin gabanki fa yana ja da baya," ta miƙo min madubi. Daga saman kunnena na dama zuwa daidai gira, inda na san gashi cike yake, fata ce ke leƙowa. Ɓangaren hagu ma ya fara, sai dai bai kai na dama ba. Ta tambaye ni da me nake ɗaure kai da rana, da me kuma nake kwana. Na ce ɗankwalin auduga, shi ne na rana, shi ne na dare. Ta ce in nemi na siliki.

Na farkon da na saya ta intanet ba zan daɗe a kansa ba, amma dole in faɗa, domin na san mata da yawa sun faɗa wannan ramin. An rubuta "satin mai santsin siliki", hoton yana sheƙi, na tura aka kawo. Daren farko na farka wajen ƙarfe 2 ƙeyata sharkaf da gumi, da na zare shi kuma gashina ya bi shi yana ƙas-ƙas. Sai na zaro zare biyu daga bakin ɗinkin na kanga musu ashana. Suka narke, suka dunƙule suka zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri, ga warin roba. Foliyesta ce zalla. Daga baya na fahimci cewa satin sunan salon saƙa ne, irin saƙar da ake barin zare ya haye zare 4 ko fiye kafin ya nutse, shi ya sa fuskar yadin take sulɓi. Ana iya yin wannan saƙar da siliki, ana iya yinta da foliyesta ko nailon. Mai sayarwar ya san abin da yake yi da ya zaɓi kalmominsa, kuma har yau abin yana min ciwo.

Na biyun shi ne wanda nake son yin magana a kai. Murabba'i ne, santimita 90 kowane gefe, kore shar mai duhu, an rubuta siliki 100 bisa 100, nauyin mome 19. Wannan mome ɗin ma'auni ne da aka aro daga Japan, da shi ake gane kaurin siliki: mome 1 yana daidai da giram 4.34 a kowace murabba'in mita. Na yi lissafi, kallabi mai wannan girman ya kamata ya kai giram 67 ko kusa. Na ɗora shi a ƙaramin sikeli ya nuna 66. Hankalina ya fara kwanciya. Na sake zaro zare na ƙona: ya ci wuta a hankali, ya mutu da kansa da na janye ashanar, ya bar toka da ta murƙushe tsakanin yatsuna, kuma warinsa sak na ƙonannen gashi. Haka ya kamata, domin siliki furotin ne kamar gashin kanmu, tsutsa ce ke saƙa shi ta naɗe jikinta da shi bayan ta ƙoshi da ganyen bishiyar malberi. Fuska ɗaya tana sheƙi, ɗayar kuma dishi-dishi take. Bakin da hannu aka naɗe shi aka kalmashe, ana ganin ɗinkin ba ɗaya yake ba in an ƙura ido.

Abin da ya fara burge ni shi ne abin da na daina gani. Da can in na cire ɗankwalin auduga da safe, sai in tarar da guntayen gashi a cikinsa, gajeru-gajeru kamar an yayyafa. Akwai bambanci tsakanin gashin da ya zube da wanda ya karye, kuma yana da kyau mace ta iya gane shi. Wanda ya zube da kansa dogo ne, da ɗan farin ɗigo a gindinsa, kuma kowane mutum yana zubar da 50 zuwa 100 irinsa a rana ba tare da wata matsala ba. Wanda ya karye gajere ne, ba shi da wannan ɗigon. Nawa karyayyu ne. Kowane silin gashi a lulluɓe yake da wasu ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar na kifi, yadi mai kaushi kuma yana kama su yana ɗagawa duk juyin da mutum ya yi a kan matashi. Gashi irin nawa mai murɗe-murɗe ya fi saurin karyewa a inda ya lanƙwasa. Cikin mako 3 da fara kwana da silikin, guntayen nan suka ragu har na daina kakkaɓe kallabi da safe. Kitsona da yake fara tashi bayan kwana 10, yanzu yana kai mako 3 a kwance, tsagar nan fes.

Akwai abin da masu talla ke yawan faɗa wanda ban yarda da shi ba. Suna cewa siliki ba ya shan danshin gashi. Yana sha. A ma'aunin masu saƙa, siliki yana riƙe danshi kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsa, auduga kusan 8 da rabi, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ta kaiwa. Wannan shan danshin ne ma ya sa ba na farkawa cikin gumi da shi kamar yadda na yi da na foliyestar. Man gashi ma yana sha, shaida kuwa ita ce baƙin tabon da ke fitowa daidai tsakiyar kai duk daren da na cika shafa mai. Amfaninsa na gaskiya santsi ne, gashi yana zamewa a jikinsa ba ya sarƙewa.

To, santsin nan kuma shi ne babbar matsalarsa, kuma a nan na so in yi wa kaina illa. Mako 2 na farko kusan kullum a bayan matashi nake tsintar kallabin. Da rana ma in na sunkuya sau biyu sai ya sulale ya koma ƙeya. Me na yi? Na ƙara tamke shi. Ina ja har sai na ji girata ta ɗaga, in ƙulle sau biyu daidai kan gashin goshi. Ya zauna kam, amma kafin la'asar kaina na sarawa, in na kwance sai in ga layi ja ya ratsa goshina, ga wasu ƙananan ƙuraje da suka feso a bakin gashin. Wannan ne ya kai ni wurin likitar fata. Ta duba ta ce, "Malama, yadin ba shi ya cinye miki gashin gaba ba tun farko, ja ne." Ta yi min bayani cewa gashin bakin goshi da na gefen kunne shi ya fi rauni, in ana jansa kullum a wuri ɗaya, ko da kitso mai tsauri ko da ɗauri, tushen yana gajiya ya saki. In an farga da wuri yana dawowa. In an ɗauki shekaru ana yi, tushen yana mutuwa wurin ya zama tabo, babu kuma man gashin da zai tsirar da shi. Ta ce ƙurajen nan da ciwon kan gargaɗi ne. Na fito jikina a sanyaye, domin ɗankwalin audugar ma haka na shekara da shekaru ina tamke shi, kuma kullum kullin a gefen dama yake zama.

Abin da ya warware min matsalar zamewar ɗan ƙaramin abu ne: maɗaurin karammiski mai faɗin yatsu 3, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin gashin kanti. Gashin karammiski yana da ɓangaren da yake kwanciya da ɓangaren da yake tirjewa. In kin shafa shi daga goshi zuwa baya kika ji laushi, juya shi. So ake in kallabi ya nemi zamewa baya ya ci karo da tirjiya. Ina sa shi ɗan bayan layin gashi, sako-sako, sannan in ɗora silikin, fuskar mai sheƙi tana kallon gashi, mai dishi-dishin tana waje, domin kulli ya fi kamawa a wannan fuskar. Gwajina shi ne yatsu 2: in ba su shige ƙarƙashin ɗaurin a goshi cikin sauƙi ba, kwancewa nake in sake. Kullin kuma ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, yau ƙeya, gobe hagu, jibi saman kai. Da dare ba na sa karammiskin, ina sauko da bakin kallabin kan fatar goshi, ƙasa da gashin, in zagaya da jelar in ƙulla a sama inda ba zan kwanta a kai ba.

Maganar girma kuwa, kada ki yi wasa da ita. Murabba'i mai santimita 90 in aka ninka shi kusurwa zuwa kusurwa, dogon bakinsa yana kai santimita 127. Zagayen kaina 56 ne, wato yana zagayawa sau biyu ya bar min kusan 15 na ƙulli. Ranar da na yi manyan kitso masu kauri kuwa da ƙyar yake haɗuwa. Wata ƙawata ta sayi mai 70, dogon bakinsa 99 ke nan, sau ɗaya yake zagaya mata, kuma gashinta na baya a waje yake kwana.

A wajen ado, abin da ya fi yi min kyau da shi shi ne in tattara gashina sama in bar shi a buɗe kamar curi, in ninka kallabin ya zama doguwar igiya mai faɗin tafin hannu, in taso da shi daga ƙeya in ƙulla a gaba, in soke jelar a gefe. Minti 2 ya ishe ni, kuma sheƙin silikin a jikin baƙin gashi abin kallo ne. Ɗaurin ƙeya ma yana yi: a rufe kai gaba ɗaya, a murɗa jelar biyu, a naɗe su su zama dunƙule a bayan wuya. Har cikin kitso na taɓa sa aka saƙa shi, jela ɗaya babba, ya fito da kyau amma ya yamutse sosai. Inda ya gaza gaba ɗaya shi ne dogon ɗauri mai tsayuwa. Siliki ba shi da ƙashi, duk tudun da kika gina da shi kafin ki kai ƙofa ya rushe. Irin wannan ɗaurin yadi mai tauri yake so, auduga mai sitati ko makamancinta. Yanzu abin da nake yi shi ne in shimfiɗa silikin a ƙasa ya rufe gashin, in ɗora mai taurin a sama in yi ginina. Gashin bai taɓa kaushi ba, ɗaurin kuma ya tsaya, har ma na saman ne ke danne na ƙasan ya hana shi zamewa.

Kula da shi yana son haƙuri. Wankin farko ruwan ya koma kore, Allah Ya sa shi kaɗai na wanke. Sai a wanki na 3 ya daina zuba. Ruwan sanyi nake amfani da shi da ɗan ɗigon sabulun wanke gashi mara ƙarfi, sau ɗaya a mako saboda man da yake sha. Bilic yana cinye siliki, haka ma garin wankin da aka sa wa sinadarin narkar da tabon jini da gumi, domin wannan sinadarin furotin yake ci. Ba a murɗe shi, ya fi rauni in yana jiƙe. A cikin tawul nake naɗe shi in danna, in shanya a inuwa, in goge ta baya da wuta kaɗan tun yana da ɗan danshi. Ɗan kunnena ya taɓa kama zare ɗaya ya ja, layin yana nan har yau, tun daga ranar sai na gama ɗauri nake sa 'yan kunne. A wata na 4 kalmasar kusurwa ɗaya ta warware, na mayar da allura. Wannan kam ban ji daɗinsa ba, ɗinkin kusurwoyin ya kamata ya fi haka ƙarfi tunda su ake ja kullum.

Na foliyestar ban yar da shi ba. Shi ma yana da santsi, yana rage gogayya, ba ya tsoron wanki, don haka shi nake sawa daren da na cika kaina da mai kafin wankin kai, in dai garin da sanyi. Wadda ba ta cika gumi ba zai iya wadatar da ita. Ni dai ba zan iya kwana da shi kullum ba.

Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, saboda haka sai da na kai wata 3 kafin na ga wani abu. Yanzu hagu ya cike. Dama ya fito da sabon gashi mai laushi, wani ya kai santimita 4, amma akwai wuri kamar girman farcen babban yatsa da har yanzu fata ce, kuma likitar ta ce mai yiwuwa haka zai zauna. Ba zan ba kallabin duk yabon ba, domin a daidai lokacin na sassauta ɗauri, na kuma roƙi mai kitsona ta riƙa barin gashin gaba ba ta kama shi. Nasa aikin da na tabbatar shi ne hana karyewa da tsawaita kwanan kitso, kuma ya yi shi sosai. Na riga na tura a kawo min wani na silikin, mai santimita 110 saboda ranakun manyan kitso, baƙi don tabon mai ya ɓuya. In ya iso, sikeli da ashana zai fara gani kafin ya hau kaina.